Littafin aljanu da bincike: ra'ayin wa za a bi kafin a biya kuɗi?

Wata mai karatu daga Fadaman Mada a Bauchi ta rubuto cewa tana son littattafan da ake haɗa binciken kisa ko ɓatan mutum da sha'anin aljanu. An tallata mata a WhatsApp wani littafi irin wannan da sai an biya kuɗi ake karanta shi, wasu na cewa ba su taɓa karanta irinsa ba, wasu na cewa asara ce, ita kuma ta rasa wa za ta bi.

Malama, duk ra'ayin da bai wuce "ya yi daɗi" ko "ya ba ni tsoro" ba, ki ajiye shi gefe, domin tsoro abu ne mai sauƙin jawowa, ko yaro ya iya shi da tatsuniyar Dodo. Ra'ayin da zai amfane ki shi ne na wanda ya karanta har ƙarshe, ya kuma iya gaya miki ko warwarar ƙullin ta gamsar da shi. A nan ne yawancin irin waɗannan littattafai suke faɗuwa: marubuci ya kwashe babi talatin yana tara alamu da waɗanda ake zargi, idan ya rasa mafita sai ya fito da wata aljana da ba a taɓa ambata ba, ta tona asirin kowa a shafi ɗaya. Wannan cin amanar mai karatu ne. Marubucin kirki tun da wuri yake nuna abin da aljanin labarinsa yake iyawa da abin da ya fi ƙarfinsa, sannan ya bar mutane su gano gaskiya da hankalinsu.

Aljanu ba baƙi ba ne a adabinmu. Gandoki na Muhammadu Bello Kagara da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, waɗanda suka fito a 1934, duk sun shiga duniyarsu, sai dai labaran tafiya da jarumta ne, babu wanda ya yi wa mai karatu alkawarin warware sirri. Littafin bincike kuwa ya ɗauki wannan alkawari, don haka dole a tuhume shi da shi.

Ki karanta shafukan kyauta da aka saki, ki kuma tambayi mai littafin ko an kammala rubuta shi, domin sau da yawa ana karɓar kuɗi labari yana rabi. Idan kammalalle ne, ki biya ta hannun marubucin kai tsaye, kada ki karɓi wanda aka sato.

Wani magidanci daga Yelwa kuma yana tambaya ko ya dace ya saya wa 'yarsa mai shekara 13 irin waɗannan littattafai, tunda ta nace.

Malam, hanawa gaba ɗaya ba ta cika yin aiki ba, musamman yanzu da ake sauraron littattafai a YouTube ta wayar kowa. Abin da ya fi shi ne ka fara karantawa da kanka, ka duba yadda aka nuna boka da tsafi. Idan wurin boka ake samun biyan buƙata a labarin, ko aka nuna aljani ya san gaibu, kada ka saya, domin aya ta 14 a Suratu Saba'i ta bayyana cewa aljanu ba su san rasuwar Annabi Sulaiman ba sai da gara ta cinye sandarsa ya faɗi. Ka lura kuma da wuraren da aka zurfafa bayanin zubar da jini ko auren aljani, waɗanda ba na shekarunta ba ne. Idan littafin ya tsira daga waɗannan, ka saya mata na takarda a shagunan littattafai na cikin gari, ka ce ta riƙa karantawa da rana, sannan ta ba ka labarin wanda take zargi kafin ta kai babin ƙarshe.