Tambaya da Amsa: Bayodizal ɗina ya fi dizal na gidan mai tsada, ta ina zan rage?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina Aboabo a Kumasi. Ina sayen tsohon man suya a hannun masu ƙosai da soyayyar doya ina mayar da shi bayodizal, kuma ina tunanin ƙarawa da kwakwar manja. Amma duk lissafin da na yi, lita ɗaya takan fi dizal na gidan mai tsada. Ta ina zan rage?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin ka zargi tukunyar haɗi, duba kuɗin mota. A wannan sana'a ɗanyen kaya kan cinye kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na abin da ake kashewa, kuma ainihin farashinsa shi ne wanda ya kai bayan an sauke shi a ƙofarka.

Batun kwakwa, shawarata ka bar shi. Man da ke cikin kan kwakwa kusan kashi 20 ne na nauyinsa. Ka ɗauko tan 5 zuwa Kumasi, ka samu tan 1 na mai, sauran kuma ka biya direba ne ya kawo maka ƙaya da zare da ƙwara da ruwa. Ga shi kwakwa ba ta jira: ta kwana biyu bayan sara, asid ya hau, da ka zuba soda sai ka ga sabulu maimakon mai. Shi ya sa manyan injinan matsar manja na Kwae da Benso da Twifo suke zaune a tsakiyar gonaki. Sannan Gana har yanzu shigo da manja take yi, ba za ka iya takarar farashi da masu miya ba.

Tsohon man suya shi ne arzikinka, illarsa kawai a warwatse yake. Idan aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, tana zagaye unguwa tana karɓar lita 3 nan, 5 can, fetur da ladan yaro sun cinye ribar tun kafin rana ta take. Ka ajiye duro mai lita 200 a wurare kaɗan, misali Aboabo da Asawase da gefen Kejetiya, a hannun matar da masu suya suka amince da ita. Su kawo a galan ɗin Kufuor, wato jarkar nan mai ruwan ɗorawa, a tace da kyalle, a bar shi ya kwanta, a zubar da ruwa da gutsattsarin ƙasan duro tun a wurin. Ka biya kuɗin man da ya rage bayan ya kwanta, in ba haka ba wataran ruwa za ka saya. Ka tsayar da ranar ɗauka, kada abin hawa ya motsa sai duro ya cika. Otal ko babban gidan abinci guda kuwa zai iya ba ka abin da masu ƙosai da yawa ba za su tara ba, don haka ka nemi yarjejeniya da su.

Metanol, sinadarin da ake haɗawa da man ya zama bayodizal, ta tashar jiragen ruwa ta Tema kusa da Accra yake shigowa, kuma daga Accra zuwa Kumasi kusan kilomita 250 ne. Sayen jarka ɗai-ɗai asara ce, ku haɗu da masu irin sana'arka ku sayi duro-duro. Amma don Allah kada a cusa shi cikin motar doya ko albasa don neman sauƙi, guba ne kuma yana kama wuta.

Sayarwa ma ka yi ta kusa, ga masu injin niƙa da janareta da mutanen Suame Magazin, unguwar makanikai a Kumasi, su zo da jarkokinsu. Gilisarin, ruwa mai kauri da ke fita a wajen haɗin, wajen kilo 10 a kowane kilo 100 na bayodizal, masu sabulu za su saya idan ka cire masa metanol. Kafin ka faɗaɗa, je Hukumar Makamashi kan batun lasisi, domin dokar makamashi mai sabuntuwa ta 2011, mai lamba 832, ta shafi aikinka.