Naman Layya, kaciyar yaro da sabon mai wa'azin unguwarku

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce wani mai wa'azi ya kafa rumfa a unguwarku a Garwa, yana cewa Kiristan da ya ci naman Layya ya zubar da cetonsa, wanda ya yi wa ɗansa kaciya kuma ya koma ƙarƙashin Shari'ar Musa. Ga Babbar Sallah ta matso, ga yaronka ya isa kaciya.

Bari in fara da kaciyar, don a kanta Bulus ya rubuta wa Galatiyawa. Waɗansu sun bi bayansa suna cewa bangaskiya ga Almasihu ba ta isa ba sai an ƙara da kaciya. Duba 5:6: kaciya da rashinta duk ba a bakin komai suke ba, abin da ke da nauyi shi ne bangaskiya mai aiki ta wurin ƙauna. Bulus ɗin nan ya hana a tilasta wa Titus kaciya (Galatiyawa 2:3), shi ne kuma ya yi wa Timoti (Ayyukan Manzanni 16:3) don ƙofar Yahudawa ta buɗe masa. Aska ɗaya ce, niyya ta bambanta. Wanda ya ce sai da kaciya za ka tsira ya ɓata, wanda ya ce kaciya na hana tsira shi ma ya ɓata, duk sun rataya ceto a bakin aska. Ka yi wa yaronka don tsabta da al'adar gida. Asibiti ya fi. In wanzami ne, ka tsaya a kai a buɗe sabuwar reza a gabanka. Kada a barbaɗa toka ko ƙasa a ciwon, nan ruɓa ke farawa. Jini ya ƙi tsayawa, ko zazzaɓi ya taso, ko fitsari ya gagara, a kai shi likita a ranar. In an kawo laya za a ɗaura masa, ka yi godiya ka ce ba ku ɗaurawa.

Batun nama ya fi buƙatar natsuwa. Maƙwabcinka yakan kasa ragonsa uku, na gida, na 'yan'uwa da maƙwabta, na mabukata. Yaron da ya yi sallama da kwano a rufe zumunci ya kawo maka. Taron Urushalima (Ayyukan Manzanni 15:29) ya hana abin da aka miƙa wa gumaka, da jini, da maƙararriyar dabba, da fasikanci. Ragon Layya yanka shi ake yi jini ya zuba, don tunawa da Ibrahim, ba gunki a wurin. A ganina ka karɓa da hannu biyu, ka yi barka da Sallah, kada kwanon ya koma wayam, ko goro ne a saka. Na san akwai masu bi na ƙwarai da zuciyarsu ba ta kwanta da cinsa ba, kuma Romawa 14 ta hana ka rena su, ta hana su hukunta ka. In irin wannan ɗan'uwa yana gidanka ranar, a dafa masa kifin Binuwai, kai ma ka ci tare da shi, naman ya jira gobe. 'Yancin da Galatiyawa 5:13 ke nufi ke nan: an kwance ka don ka yi wa ɗan'uwanka hidima, ba don ka nuna masa ka fi shi sani ba. Kirsimeti in ta zo, ka kira mahauci Musulmi ya yanka akuyarka, don tuwon da za ka aika gidajensu ya ciwu.

Shi kuwa mai rumfa, kada ka tsaya cacar baki da shi a bakin titi. Ayar da ya jawo, ka karanta surar gaba ɗaya, yadda mutanen Biriya suka riƙa bincika maganar Bulus kansa (Ayyukan Manzanni 17:11). Mai koyarwar ƙarya yakan yanko rabin aya ne ya bar sauran. Sannan ka lura da inda kuɗi ke bi. In bayan tsoratarwa akwai kwalbar mai ko ruwan tsarki na sefa dubu biyu, tuna amsar da Bitrus ya ba Siman mai sihiri a Ayyukan Manzanni 8:20, baiwar Allah ba ta sayuwa. Ka tambaya wace ikilisiya ta aiko shi, wa zai tsawata masa in ya kauce. Ka kuma dubi masu binsa bayan wata biyu: in mace ta daina gaida maƙwabciyar da ta kwana da ita ranar haihuwa, yistin nan na Galatiyawa 5:9, wato koyarwar ƙarya, ya fara game ƙullun.

Kai maganar wurin fasto da dattawan ikilisiyarku kafin Sallah, ku je ku biyu ko uku, ka rubuto kalmominsa yadda ya faɗe su, ba yadda aka ba ka labari ba. Waɗanda suka riga suka bi shi kada a yi musu dariya, a ci gaba da kai musu gaisuwa har gida.

A gaida mai ɗakinka. Ranar da aka tsayar ta kaciyar, ka sanar da gwaggonka da wuri.