Ana gadon ɗaukewar al'ada da wuri?

Tambaya: Assalamu alaikum Hajiya. Shekarata 34, 'ya'yana biyu, ina son ƙari. Al'adar innarmu ta ɗauke tana da shekara 42, yayata kuma 41. Ni ma haka zan yi? Daga ƙanwarki a unguwar Birni, Damagaram.

Amsa: Wa'alaikumussalam ƙanwata. Damuwarki tana bisa hanya. Yawancin mata al'adarsu kan ɗauke tsakanin shekara 45 da 55, don haka ta gidanku ta zo da wuri. Kusan rabin bambancin da ake gani tsakanin mata gado ne. Mace da iya ƙwayayenta ake haihuwarta, ba ta ƙara yin wasu, kuma ƙwayoyin halittar da ta gada, ta wajen uwa da ta wajen uba, suna da hannu a saurin ƙarewarsu. Ki tambayi gwaggonninki ma.

Abin da ya fi damuna shi ne haihuwa tana raguwa shekaru kafin jinin ya tsaya. Kada ki yi jinkiri, ku tattauna da maigida tun yanzu. Ki nisanci hayaƙin taba, yana gaggauta abin. Idan al'adarki ta yi wata 3 ba ta zo ba, kuma ba ciki, ki ga likitan mata a babban asibitin Damagaram.