Kwana a Riyokan: Amsoshi ga Masu Shirin Sauka a Masaukin Gado na Japan

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da kayan gyaran mota a Sabon Gari, nan Maradi. Abokin cinikina na Japan ya gayyace ni, ya ce idan mun gama aiki zai kama mini ɗaki na kwana ɗaya a wani masauki da ake kira riyokan, wai akwai wanda ya haura shekara dubu a hannun zuriya ɗaya. Gaskiya ne ko ƙarin gishiri? Kuma me ya raba shi da otel?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Babu ƙarin gishiri. Masaukin Hoshi da ke Awazu a lardin Ishikawa an kafa shi a shekarar 718, kuma magaji na 46 aka kai, kowane magaji yana ɗaukar sunan Zengoro. Keiunkan na lardin Yamanashi ya girme shi, tun 705 yake, kuma kundin Guinness ya sa shi a matsayin masauki mafi daɗewa a duniya. Shi dai ya yi magada 52 kafin ya koma hannun wani ma'aikacin gidan a 2017. Abin da ya sa gadon bai cika yankewa ba shi ne, idan mai gida ba shi da ɗa namiji, sai ya ɗauki mijin ƴarsa ya mayar da shi ɗa, ya ba shi sunan gidan. Sai dai kada ka yi zaton ginin da za ka kwana a ciki shi ne na farkon. Gidajen katako ne tun asali, an sha sake su. Abin da ya daɗe shi ne zuriyar, da rijiyar ruwan zafin da baƙi ke wanka da shi, da tsarin karɓar baƙo.

Hanya mafi sauƙi ta gane riyokan ita ce ka tuna fatoma a zango, wanda fatake ke sauka a gidansa ya ciyar da su ya kula da kayansu. A zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, hanyar Tokaido da ta haɗa Kiyoto da Edo, wato Tokiyo ta yau, tana da zango 53, kuma a irin waɗannan zangunan masaukan suka bunƙasa. Saboda haka ka shiga da niyyar wanda ya sauka gidan mutane, inda kowane abu yake da lokacinsa. Ana karɓar baƙi daga ƙarfe 3 na yamma, abincin dare ƙarfe 6 ko 7, ana sallama ƙarfe 10 ko 11 na safe. Wanda ya iso ƙarfe 9 na dare ya yi asarar abincin da ya riga ya biya, domin an dafa shi ne da lissafin kawuna da kuma sa'a. Ka yi ƙoƙarin isa kafin ƙarfe 5, in jirgin ƙasa ya wuce ka kuma, ka sa a buga musu waya nan take.

Kuɗin kuwa bisa kan mutum ake yanke shi, ba bisa ɗaki ba, kuma ya haɗa da abincin dare da karin kumallo. Matsakaicin gida yana kamawa daga yen (kuɗin Japan) 15,000 zuwa 30,000 a dare, wato wajen jaka 60 zuwa 120 na sefa idan aka lissafa yen ɗaya a kan sefa 4. Inda ake da ruwan zafi ana ƙara harajin wanka, galibi yen 150. Za su nemi fasfo ɗinka su ɗauki hotonsa, wannan dokar ƙasa ce a kan duk baƙon da ba mazauni ba, kada ranka ya ɓaci. Ka riƙe kuɗi a hannu, don wasu tsofaffin gidaje na ƙauye ba sa karɓar kati. Ba a ba ma'aikata kyauta hannu da hannu. Wanda ya ga lallai sai ya yi, ya sa yen 1,000 zuwa 3,000 a ambulan ya miƙa wa matar da ke hidimar ɗakinsa, wadda ake kira nakai.

Takalmi shi ne inda baƙi suka fi yin kuskure. A bakin ƙofa akwai wani ɗan wuri mai ƙasa-ƙasa, nan za ka tuɓe naka, ka taka dandamalin katako ba tare da safarka ta taɓa ƙasa ba, ka sa silifas ɗin gida. Da ka iso ɗaki ka bar silifas a waje, domin daɓen ɗakin tatami ne, tabarma mai kauri da aka saƙa da ciyawar fadama, tsawonta kusan santimita 180, faɗinta 90. Da yawan tabarmin ake faɗin girman ɗaki, a ce mai 8 ko mai 10. Tayar akwati tana yage saƙar, don haka ɗaga akwatinka za ka yi, kada ka ja shi. Makewayi yana da nasa silifas dabam, a nan ake sa shi a nan ake barinsa. Akwai kuma wani ɗan lungu a bango mai rataye da rubutu ko zane da tulun fure, sunansa tokonoma. Wurin girmamawa ne, ba a ajiye jaka ko waya a kai, balle a zauna.

Ba za ka ga gado ba idan ka shiga. Lokacin da kake cin abinci ma'aikata za su shigo su ture tebur su shimfiɗa katifar ƙasa da bargo, abin da suke kira futon. Mai ciwon gwiwa ko baya ya faɗa tun wajen kama ɗaki, a ba shi mai gado ko na ƙasan bene, saboda matakalar tsofaffin gidajen a miƙe take kuma da yawa ba su da na'urar hawa.

Tambaya: Ni ma'aikaciyar gona ce daga Tibiri, za mu je horo Japan ni da maigidana. An ce mini a irin waɗannan gidaje wanka a taro ake yi, kowa tsirara. Yaya Musulma za ta yi? — Wata Hajiya

Amsa: Hajiya, abin da aka gaya miki haka yake, kuma gara ki ji shi tun daga nan. Wurin wankan gayya an raba maza da mata, labulen maza yawanci shuɗi, na mata ja, amma a ciki ba a shiga ruwa da zane ko da wani tufafi. Wannan bai dace da suturar da addini ya ɗora mana ba, kuma ba ma ba kowa shawarar ya daure ya shiga don kunyar mai masauki. Mafita tana nan a cikin tsarinsu. Ki nemi abin da suke kira kashikiri, wato a keɓe muku wurin wanka ke da Alhaji ku kaɗai, ku kulle ƙofa, na minti 45 zuwa awa ɗaya. Wasu gidaje kyauta suke bayarwa, wasu da ɗan kuɗi. Akwai kuma ɗakuna masu nasu kwarmin wanka, sun fi tsada. Ki tabbatar da wannan kafin a biya, domin a gidaje na da sosai ana samun ɗakin da ba shi da wurin wanka ko kaɗan, sai na gayya.

Ruwan da kansa, onsen, daga ƙarƙashin ƙasa yake ɓuɓɓugowa da zafinsa, irin na Tafadek da ke arewacin Agadas. Dokar Japan ta 1948 ba ta yarda a kira ruwa onsen ba sai zafinsa ya kai digiri 25 a inda yake fitowa, ko yana ɗauke da wasu sinadarai da ta lissafa. A kwarmin wanka yakan kai digiri 40 zuwa 42.

Ko ku kaɗai ne, ƙa'idar ba ta canzawa. Ana zama a kan ƴar kujera a bakin famfo, a cuɗa jiki da sabulu, a ɗauraye tas, sannan a shiga kwarmin. Ruwan na jiƙa jiki ne, ba a zubar da shi bayan kowane mutum, shi ya sa sabulu ko tawul ko gashin kai ba sa taɓa shi. Ki ɗaure kitso sama. Ki fara zuba ruwan a ƙafa, ki hau zuwa kafaɗa, jiki ya saba. Minti 5 zuwa 10 ya isa zama ɗaya. Wanda ya daɗe, ya miƙe da sauri, jiri ke ɗibarsa, saboda zafi yana buɗe jijiyoyi jini ya sauka. Ku sha ruwa kafin ku shiga, kada ku shiga da cikakken ciki, mai hawan jini ko ciwon zuciya kuma ya fara jin ta bakin likitansa. Ki gaya wa Alhaji ya cire zoben azurfarsa, ke ma ki cire naki, domin ruwa mai farar wuta yana mayar da azurfa baƙa. Idan kin yi lalle baƙi mai zane a hannu, ki yi wa uwar gidan bayani da isowarku. Gidaje da dama suna hana masu zanen allura a jiki shiga wanka, kuma wanda bai san lalle ba zai iya ɗaukarsa haka.

Rigar da za ki tarar a ɗaki, yukata, ana naɗa ta ɓangaren dama a ciki, na hagu a sama, a ɗaure da ɗamara. Akasin haka gawa ake yi wa. Ba dole ba ce, kuma za ki iya sa ta a kan doguwar riga da ɗankwalinki.

Tambaya: Abincin fa? Zan iya ci ban shiga haram ba? — Wani Malam daga Tasawa

Amsa: Za ka iya, Malam, amma sai ka yi magana da wuri, mako ɗaya aƙalla kafin ranar, kuma a rubuce. Abincin dare, kaiseki, ƙananan kwanuka ne da ke zuwa bi da bi, sukan kai goma, an tsara su an yi cefane tun kafin ka iso. Idan sai da aka ajiye kwano ka ce ba ka ci, babu abin da mai dafawa zai iya musanyawa, kuma kunya ce gare shi.

Cewa “ba na cin alade” bai wadatar ba. Babbar matsalar giya ce ta cikin girki: sake, giyar shinkafa, da mirin, mai zaƙi, wadda ƙarfinta ya kai kusan kashi 14 cikin ɗari, suna shiga romo da miya da kifin da aka dafa. Sau da yawa kuma ɗan ƙaramin kofin da ake fara ajiyewa giyar ƴaƴan itace ce, kada launinta ya sa ka ɗauka lemo ne. To ka lissafa musu ɗaya bayan ɗaya: ba alade da kitsensa, ba sake, ba mirin, ba kofin buɗe baki, ba naman sa ko kaza tunda ba yankan Musulmi ba ne. Ka nemi na kifi da ganye. A mazhabarmu ta Malikiyya abin da ke cikin teku halal ne, kuma romon da suke gina yawancin miyarsu a kai, dashi, daga busasshen kifi da ganyen teku ake yin sa. Ruwan waken suya da suke tsoma abinci a ciki yana ɗauke da ɗan burbushin giya daga tsimuwa, wannan ka tambayi malaminka kafin ka tashi. Idan gidan ya ce ba zai iya ba, gaskiya ya faɗa maka, sai ka nemi sudomari, kwana ba abinci, ka zo da guzurinka.

Za a kawo ɗanyen kifi yankakke, ba laifi ka bar shi in bai karɓe ka ba. Da safe shinkafa ce da gasasshen kifi da miyar miso, wadda ake yi da tsimammen ƙullun waken suya, wani lokaci da ɗanyen ƙwai da natto, waken suya tsimamme mai yauƙi wanda warinsa zai tuna maka daddawa. Kada ka soke tsinkayen cin abinci a tsaye cikin shinkafa, wa mamaci ake yin haka. Neman cokali ba abin kunya ba ne.

Tambaya: Salla da cajin waya? — Wani ɗalibi daga unguwar Zariya

Amsa: A Japan alƙibla tana yamma ne, ka ɗan karkata arewa, saboda haka ka manta da fuskantar gabas da ka saba. Agogonsu yana gaban namu da awa 8. Tatami tsaf yake, shimfiɗa dardumarka kawai, amma ka yi alwala a wurin wanke hannu ka goge ƙafa sosai, don ruwa yana ɓata tabarmar. Yawancin makewayinsu suna da maɓallin fesa ruwa, duk da haka ka ɗauki ƙaramar gora a madadin buta. Da asuba ka sassauta murya, ƙofofin da ke raba ɗakuna na takarda ne da siririn katako. Wutarsu bolt 100 ce, ramin soket mai baki biyu masu faɗi, namu kuwa zagayayyu ne, sai ka sayi mahaɗi a filin jirgi, ka kuma duba jikin cajarka ka ga an rubuta 100 zuwa 240.