Otal uku, kwana huɗu: amsa ga ƙanena da ke shirin zuwa Maleshiya

Ƙanena Sadiƙu, na ga saƙonka tun shekaranjiya, aiki ne ya riƙe ni. Alhamdu lillahi da takardar izinin biza ta fito, Allah ya sa a fara a sa'a. Ka ce ɗakin da makaranta ta ba ka ba zai samu ba sai bayan kwana huɗu da saukarka, don haka ka zaɓo otal uku a Kuala Lumpur: ɗaya a Bukit Bintang, ɗaya a Brickfields kusa da babbar tashar jirgin ƙasa ta KL Sentral, ɗaya a Chow Kit. Duka tauraro uku, duka gado fari tas da labule mai kyau a hoto, kuɗin kuma ratar da ke tsakani ba ta kai ringit 15 a dare ba. Ka rufe da cewa, "Yaya, na duba na duba har idona ya yi ja, duk ɗaya nake ganinsu."

Da a kusa nake da babu wannan magana, tabarma ma ta ishe mu. To ina Johor, tafiyar awa huɗu zuwa biyar ce a bas, kuma sha'aninka duk a can yake.

Ba ɗaya ba ne. Hoton ne ɗaya, domin duk mai otal ya san inda zai tsaya da kyamara. Amma kafin in shiga cikinsu, akwai tambayar da ba ka yi ba, wadda ita ce babba: ina za ka kasance da ƙarfe takwas na safe a cikin kwanakin nan huɗu? Kai jami'ar UPM za ka, ita kuwa a Serdang take, jihar Selangor, kudu da birnin. Filin jirgin KLIA yana Sepang, can kudu sosai, fiye da kilomita 50 daga tsakiyar gari. Wato Serdang tana tsakanin filin jirgi da birni. Abin da ka shirya kamar mutum ne ya taso daga Gombe yana da sha'ani a Alkaleri, ya wuce Bauchi ya kama ɗaki, kullum da safe ya sake dawowa baya. Kuma kwanakin ba na yawon buɗe ido ba ne. Akwai rajista, akwai gwajin lafiya da hukumar EMGS, mai kula da bizar ɗalibai, ta wajabta wa ɗaliban ƙasashen waje cikin kwana 7 da sauka, akwai miƙa fasfo don a manna maka takardar zama ta ɗalibi, ga layin waya, ga neman inda za ka sayi katifa da bokiti. Duk a wajen makaranta.

Saboda haka da ni ne, da ban kalli ko ɗaya cikin ukun ba. Da na nemi ƙaramin otal a Serdang ko Seri Kembangan, na bar birni sai Asabar. Na san ba za ka ji ba. Kana son ka tsaya gaban tagwayen benen Petronas ka turo wa 'yan Jekadafari hoto, ni ma na yi, ba zan yi maka wa'azi ba. To mu duba naka ukun.

Na Brickfields shi ne mai daɗin ranar farko. Jirgin KLIA Ekspres yana ɗauko mutum daga filin jirgi ya dire shi a KL Sentral cikin kimanin rabin awa, kuɗinsa ringit 55. Ka sauko da akwatuna biyu, jikinka duk ya mutu bayan kwana a hanya ta Doha ko Addis Ababa, a ce maka gadonka na nan tsallaken titi, ai babu kamar wannan. Sai dai ka buɗe taswira ka auna da kanka. Otal da yawa a unguwar suna liƙa wa sunansu "Sentral", kuma minti biyar ɗin da suke rubutawa na mai tafiya hannu sake ne, ba na mai jan kilo arba'in da ɗoriya a cikin zufa ba. Unguwar Indiyawa ce, abincin ganye ya yi yawa, kuma mai kyau ne, amma ba kowane shago ne na Musulmi ba. Zuwa Serdang daga nan akwai jirgin KTM Komuter, wanda yakan sa mutum jira, ko kuma ka shiga MRT, jirgin ƙasa na cikin gari, a tashar Muzium Negara ka canza layi a Tun Razak Exchange.

Na Bukit Bintang shi ne zai fi burge ka, shi ne kuma na fi tsoron maka. Nan ne zuciyar kasuwanci da hayaniya. Low Yat Plaza na nan, inda ake sayar da waya da kwamfuta bene bisa bene. Gidajen abincin Larabawa na nan, za ka samu shinkafar mandi da shawarma har tsakar dare. Amma unguwar ba ta barci. Layin Changkat mashaya ce jere, kiɗa har wajen asuba, kuma Jalan Alor da kowa ke yabo da abincin titi akwai naman alade a shaguna da yawa. Wanda zai tashi da sassafe ya bi layin ofis bai kamata ya kwana inda wasu ke fara yininsu da ƙarfe goma sha ɗaya na dare ba. In otal ɗin yana cikin lungu mai shiru, to da sauƙi, amma hoto ba zai gaya maka wannan ba.

Na Chow Kit shi ne mafi araha a jerinka, shi ne kuma wanda hotonsa ya fi rashin kwalliya, na lura ka sa shi a ƙarshe. Ni shi nake kallo. Layin MRT na Putrajaya, wanda aka kammala a 2023, yana da tasha mai suna UPM, kuma layin ya ratsa ta Titiwangsa da Hospital Kuala Lumpur, waɗanda ke gefen Chow Kit. Ka shiga ka zauna, ba canji, sai ƙofar makarantarku. Ga wanda bai taɓa hawa jirgin ƙasa na cikin gari ba, rashin canjin nan ba ƙaramin abu ba ne. Na ga manyan malamai daga gida sun tsaya a tasha suna juyi kamar an ɓatar da su a kasuwar Muda Lawal ranar jajibirin salla. Sannan Kampung Baru na maƙwabtaka, tsohuwar unguwar Malayawa, abinci halal ko'ina, ga babban masallacinsu na Juma'a. Kasuwar Chow Kit kanta za ta tuna maka da gida: kifi, barkono, ƙasa a jiƙe, kowa na kiran ciniki. Aibinta shi ne wasu lungunan ba su da kyan gani da dare. Ka zaɓi wanda ke bakin babban titi, ka kuma auna nisansa da tashar MRT ɗin, domin Chow Kit ɗin da faɗi. Tashar jirgi mai layi ɗaya da ke ɗauke da sunan unguwar daban take, ba ita ce mai zuwa UPM ba.

Yanzu abin da ya fi komai cin baƙo a garin nan: taga. A Maleshiya ana gina ɗakin otal babu taga ko ɗaya, a saka labule a bango don hoto, a sayar da shi da rahusa. Yawanci farashin da ka fara gani a manhaja, mai jan ido ɗin, na irin wannan ɗaki ne. Ni abin da ya same ni ke nan zuwana na farko. Na ga araha na danna. Tsakaninmu da Najeriya awa 7 ne, jikina yana lissafin Gombe, ɗakin kuma dare da rana duk ɗaya. Na kwanta da niyyar in ɗan miƙe bayan isha'i, barci ya ƙi zuwa sai can, na farka ɗakin baƙi ƙirin ina cewa bari in yi alwalar asuba, na duba waya ƙarfe ɗaya saura na rana. Asuba ta wuce, alƙawarin da na yi da ofishin ɗalibai ya wuce, tawul ɗin da na shanya tun jiya yana nan a jiƙe yana warin ruma. Araha ba ta ado. Ka shiga bayanin ɗakin da kansa, ba na otal ɗin ba, ka nemi inda aka ambaci taga. In ba a ce komai ba, ka rubuta musu ka tambaya, su amsa a rubuce. Ringit 20 da za ka ƙara saboda taga sun fi kumallon otal ɗin amfani.

Kumallon ma kada ya ruɗe ka. A ƙananan otal burodi ne da taliya soyayya da shayi mai sanyi. Shagunan mamak, na Indiyawa Musulmi, suna ko'ina, da yawansu ba sa rufewa dare da rana. Roti canai biyu, wata irin gurasa ce tasu, da shayin madara za su riƙe ka har azahar da kuɗi kaɗan. In kana shakkar wuri, ka duba tambarin halal na hukumar JAKIM a ƙofa, ko ka ga ko mata masu ɗankwali na ci a ciki.

Kuɗin da ka gani ma ba shi ne kuɗin ba. Tun 2017 gwamnati ke karɓar harajin yawon buɗe ido daga baƙi 'yan ƙasar waje, ringit 10 kowane ɗaki kowane dare. Wani lokaci manhajar ta haɗa da shi, wani lokaci sai ka isa a kanta a ce ka biya. Akwai kuma harajin hidima da wasu ke ɓoyewa sai shafin ƙarshe. Don haka ka bi kowane otal har dab da inda za a ce ka biya, ka rubuta jimillar kwana huɗun, sannan ka gwada su. Ratar ringit 15 ɗin nan tana iya juyewa. Yawancinsu kuma suna karɓar kuɗin ajiya a hannu, su mayar maka ranar fita, ka riƙe rasit. Kada ka dogara da katin naira. Ka zo da dala a aljihu, ka canza kaɗan a filin jirgi don mota da abinci, sauran ka bari sai cikin gari inda canjin ya fi kyau.

Ka duba lokacin saukar jirginka ka gwada da lokacin ba da ɗaki. Ƙa'ida a nan ƙarfe biyu ko uku na rana ake shiga, sha biyu a fita. In da safe za ka sauka, ko dai ka biya daren da ya gabata ka sanar da su, ko ka tabbatar suna ajiye kaya ka je ka zauna a masallaci. In tsakar dare ne, ka tabbatar akwai mutum a kanta a lokacin, domin wasu ƙananan suna kulle ƙofa. Ka tambayi lifta ma. Akwai otal ɗin da ke saman shaguna, matakala ce siririya hawa uku, kai da akwatunan da Inna ta cusa wa garin kunu.

Sannan ka ɗauki wanda ake iya sokewa ba tare da asara ba, ko da ya ɗan fi tsada. Daga Gombe zuwa Abuja kaɗai abubuwa nawa ke iya faruwa, jirgin Lawanti ya ɗaga lokaci ko mota ta tsaya a hanya, balle sauran tafiyar. Ta ɗaya ɓangaren kuma, ɗakin makarantar da aka ce kwana huɗu yana iya zama shida. Wannan ya kawo ni kan abin da ba wanda ya gaya mini: otal ba ya ba baƙo ɗaki sai ya ga fasfo, kai kuwa naka zai tafi wajen hukumar shige da fice, yana iya yin makonni. In ka miƙa shi sannan ka ce za ka canza otal, ka shiga uku. Saboda haka ka zaɓi wurin da za ka iya ƙara kwana a cikinsa in ta kama, ka tambaye su tun ranar farko ko akwai sarari. Ka ɗauki kwafin fasfon da takardar shaidar da makaranta za ta ba ka, su zauna a jikinka.

Sharhin mutane da ka ce duk maki ɗaya suke, bar kallon makin. Ka tace na watanni ukun baya, ka karanta masu ƙorafi, ka ga ko abu ɗaya suke maimaitawa. Mutum ɗaya ya ce akwai kuɗin cizo, wataƙila rigimammen baƙo ne. Mutum huɗu a wata guda, gudu. Bature zai rage maki don babu wurin ninƙaya, wannan bai dame ka ba. Kai ka nemi maganar ƙara, warin sigari, ruwan zafi, da esi mai ɗiga. Abubuwa biyu kuwa kada ka ɓata lokaci a kansu: soket irin namu ne mai ƙafa uku, cajarka za ta shiga, banɗakuna kuma kusan duk da tiyon tsarki, ba sai ka ɗauko buta ba. Alƙibla ma ka ɗaga kai, galibi akwai kibiya a silin ko cikin durowa. Sallar ce za ta ba ka mamaki, asuba sai wajen ƙarfe shida, magariba wajen bakwai ko bayan haka.

To ga hukuncina. In na Chow Kit yana da taga, yana bakin titi, kuma ƙafa za ta kai ka tashar MRT cikin minti goma, kama shi. Ranar sauka kada ka wahalar da kanka da jirgin ƙasa da kaya. Ka sauke manhajar Grab tun kana Abuja, ka kira mota ta kai ka ƙofa. In ya faɗi a ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan, koma na Brickfields. Bukit Bintang ka je ranar Asabar ka sayi kwamfutarka, ka ci mandi, ka dawo ka kwanta. Kafin duk wannan, ka sanar da ofishin ɗaliban ƙasashen waje rana da lambar jirginka, ka cika katin shiga na intanet da suke kira MDAC, katin rigakafin shawara kuma ya kasance cikin fasfo, ba cikin akwati ba.

Za ka ga an manna hoton wani ɗan itace mai ƙaya a ƙofar lifta an ja masa jan layi. Durian ke nan, an hana shiga da shi ɗaki saboda wari. Ba su san daddawa ba shi ya sa ba ta cikin jerin, don haka wadda za ka taho mini da ita ka naɗe ta leda uku, kada ka kwance sai na zo. Kilishi kuwa ka bar shi a gida, nama yana jawo magana a filin jirgi. Ka gaida Inna da Baffa, ka turo mini amsar da masu otal ɗin suka ba ka kan tagar kafin ka biya.