Yadda Girkawa suka karya Farisawa a Salamis

Malam, ka tambayi yadda Girkawa suka ci Farisawa a teku, shekara ta 480 kafin haihuwar Annabi Isa, alhali jiragen Sarki Zaksis na Farisa sun fi yawa. Wurin yaƙin ne ya taimake su. Temistokilis, jagoran mutanen birnin Atina na Girka, ya tura bawansa wurin Zaksis da saƙon ƙarya cewa Girkawa za su gudu, Farisawa suka kwana suna tuƙi don tare hanya. Da safe suka kutsa mashigin ruwa mai ƙunci da ke gefen tsibirin Salamis a gajiye, jirage suka cunkushe, filafilai na karo. Nan Girkawa suka dinga farke cikin jiragensu da ƙahon tagullar da ke goshin jirgi, matuƙa 170 na ingiza kowanne. Abin da ke taɓa ni, Atinawa sun yi yaƙin ne garinsu yana hannun maƙiya, an ƙone shi.