Aljabara: a fara da wuri ko a jira yaro ya shirya?

Malam, kana tambaya ko ɗanka da ke aji biyar na firamare a ƙauyenku na Ringim ya fara aljabara (lissafin da ake sa harafi kamar x a madadin lambar da ba a sani ba) yanzu. A manhaja sai aji ɗaya na ƙaramar sakandare ake shigarta sosai, amma tushen yaro za ka duba kafin shekarunsa.

Gwada shi: kwano uku na gero da kuɗin mota naira 500 sun kama 6,500, nawa ne kwano? In ya cire 500 ya raba uku, ya warware 3x + 500 = 6,500 ke nan, ya shirya.

Babban kuskure shi ne haddar "tsallaka da lamba, canja alama" alhali yaro bai gane alamar daidai sikeli ce ba: abin da aka cire a hagu dole a cire a dama. In rabawa ke ba shi wuya, malamin lissafinsu ya duba shi tukuna.